Maraƙar Inna Daso

Tun da cutar bakkale ta hana shanu riƙe ciki, ciwon huhu kuma ya kwashe rabin garkuna, sai a gidan renon gwamnati ake karɓo maruƙa, kowanne da lamba a kunne.

Ranar Laraba Inna Daso ta jawo maraƙarta zuwa ofishin rajistar dabbobi. Malam Isiyaku, jami'in wurin, ya duba kunnuwan bai ga komai ba.

"Inna, ina lambarta?"

"Ba ta da lamba, ɗana. Saniyata ce ta haife ta. Shekara shida ina kiwon uwar ita kaɗai a bayan dutse, ko ruwa ba ta sha da sauran."

Ya kara na'ura a ƙirjin maraƙar, ya ji numfashinta lafiya lau. Ma'aikata suka fito suna shafa ta, wasunsu ba su taɓa ganin cibiyar maraƙi ba. Inna Daso ta gyara mayafi tana amsa barka.

Sai Malam Isiyaku ya janyo wata jar takarda, irin wadda ake cikewa in gwamnati za ta karɓe dabba, ya rage murya. "Uwar fa, a ina take kwana?"

"Inda nake kwana," in ji ta, ta ƙara naɗe igiyar a hannunta.