Harafi Ɗaya a Jinin Zuwaira

Tun ranar suna likita ya canza wa Zuwaira harafi ɗaya na gado a jininta, kamar yadda ake wa kowane jariri yanzu, sai sikila ta tsaya a kan uwarta, Hassu.

Yau da ruwa ya tsuge, Hassu ta fito da bargo a guje, don ita sanyi ke tayar mata da ciwon ƙashi. Sai ga yarinyar tana tsalle a tsakar gida.

"Umma, zo mu yi wanka!"

"Ni gyaran bai riske ni ba, 'yar nan."

Zuwaira ta taho jiƙe sharkaf, ta lulluɓa wa uwar bargon. "Malaminmu ya ce irinku kaɗan suka rage. Kar ki ƙare, kin ji?"