Direban Lod Dunmaro

Ranar Alhamis kwantiragin Zulkiflu zai ƙare. Yau ga shi Litinin, maigidan bai ce uffan ba kan sabunta shi.

Ba wai mutumin ba ya magana ba ne. Lod Dunmaro in ya shiga bayan mota, bakinsa ba ya hutawa daga unguwarsu ta Al Gharrafa a Doha har bargar attajirin da yake ba wa shawara kan dawaki. Basarake ne daga Ailan, cikin waɗanda kakanninsu suka ƙetaro daga Ingila shekara ɗari uku da suka wuce. A Ingila a ce musu 'yan Ailan, a Ailan a ce musu 'yan Ingila. Wataƙila shi ya sa tsohon ya riƙe asalinsa kam, yana jero shi kamar maroƙi a gidan biki.

Gloria ake yi wa karatun, nas ɗin da ke kula da hawan jininsa, 'yar Kafanchan. Zulkiflu direba kunne kawai yake ara. Wane ya haifi wane, wance ta auri wane, wane ya faɗo daga doki ranar ɗaurin aurensa. In labari ya zo kan shi Lod ɗin, daga gama makaranta sai ya yi tsalle ya dira a aurensa na Landan. Shekara biyu ana haka, har Zulkiflu ya san dangin mutumin fiye da nasa. To, nasa ɗin ma ba su da yawa. Kakarsa ce ta raine shi a Bukuru, bai san mahaifinsa ba, kuma tsohuwar ba ta son tambaya.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ɗaya ne. Lod ya san sunan kowa a gidan. Yana kiran Adisa kuku, yana kiran Mashud mai gadi, har Sahadatu matar Mashud da ke can gida Najeriya yakan tambayi lafiyarta. Amma Zulkiflu? Sai dai gyaran murya. Ko kuwa yana tsaye a gabansa tsohon ya dubi bango ya ce, "Gloria, gaya masa ya kawo mota."

"Baban Haulat, ƙila sunan ne ya yi masa nauyi a baki," in ji Gloria.

"Wane nauyi, Sista? Mutumin da ke kiran sunayen garuruwansu masu kama da tari?"

Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, don shi bai nemi aikin ba. Wani eja, dillalin aikin ƙasashen waje, shi ne ya zo har ƙofar gidansa da sunansa a takarda. A lokacin ya ce addu'ar kakarsa ce ta ci. Yanzu kuwa ya fara zargin wani Zulkiflun aka aika a ɗauko, aka yi kuskure, Bature kuma ya ji nauyin mayar da shi. Ga Haulat, 'yarsa, tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya. Shi ya ce mata ta yi karatunta, sauran ta bar masa.

Ranar Talata aka aike shi filin jirgi ya ɗauko Rufus, ɗan ƙanen Lod. Shi ake sa ran zai gaji sarautar, tunda 'ya'yan tsohon biyu, Diana da Angelina, mata ne, sarautar kuma ba ta bin mace. Rufus ya shigo mota da fara'a. Da suka haɗa ido a madubi sai fara'ar ta ɗauke, ya yi ta kallon direban har suka iso gida. Zulkiflu bai damu ba. Ya saba da kallo a Doha, inda haskensa ke sa Larabawa su tare shi da Larabci.

Laraba sai ga lauya daga Dublin, ɗan siriri da ƙatuwar jaka. Suka shige ɗaki su uku, shi da Lod da Rufus. Can aka jiyo muryar Rufus ta tashi, aka buga ƙofa, ya fito da akwatinsa. Zulkiflu ya ruga ya buɗe masa mota, mutumin ya wuce shi ya tare tasi. Bai gama mamaki ba lauyan ya leƙo, ya nemi fasfonsa da takardar haihuwarsa.

"Khalas, shi ke nan," Zulkiflu ya ce wa Mashud. "In kafil, uban gidan da ya kawo ka ƙasar, ya karɓi fasfo ana gobe kwantiragi zai ƙare, ai sai haɗa kaya."

Ya haɗa kayan. Amma ya ƙudurta ba zai bar gidan nan da magana a cikinsa ba.

Safiyar Alhamis ya sa kaftaninsa na Juma'a. Gloria ta zo ta ce ana kiransa. Ya tarar da Lod a zaune, lauya a gefe, takardu a tebur da biro a kansu. Yana shiga tsohon ya mayar da ido ga bango.

Zulkiflu bai jira ba. Ya tattaro Turancinsa duka ya zube.

"Ranka ya daɗe, zan sa hannu, zan tafi. Amma shekara biyu ina tuƙa ka, ban taɓa makara ba, ban taɓa goga maka mota da bango ba. Kowa a gidan nan kana kiran sunansa, har dawaki. Ni me na yi maka?"

Kunnuwan tsohon suka yi jawur. Ya yi gyaran murya, har yanzu bai dube shi ba.

"Gloria," ya ce, da Hausa tsantsa irin ta mutanen Bukuru, "tambaye shi, a ina ya taɓa jin uba ya kama sunan ɗansa na fari?"