Ƙorafin Farko Bayan Karɓar Makulli

Tana shirin tura saƙon ke nan yayarta ta leƙo ta bayanta.

"'Ka bar manhaja ta lalace, ka ba ni ita'? Haka za ki rubuta wa bawan Allah, ko sallama babu?"

"Yaya, shekara biyu fa bai taɓa ta ba! Da ita muke tsara layin marasa lafiya a asibitinmu, kullum sai ta tsaya."

"Ɗaukarsa aiki kuka yi?"

"A'a. Shi ya rubuta ta, ya bar wa kowa kyauta."

"To, sauke murya."

Ƙanwar ta goge saƙon, tana ƙunƙuni. Ta yi sallama, ta tambayi iyali, ta gode masa da wahalar shekara tara. Ta ce in ya amince za ta riƙe masa, sunansa kuma yana nan a sama.

Kwana uku sai ga amsa. Ashe tagwaye aka haifa masa, hannu bai sake zama nasa ba. "Ga makullin shiga manhajar. Allah ya taya ki riƙo."

Tana cikin rawa a tsakiyar falo ƙorafin farko ya shigo, kuma daga gare shi: "Abin nan ba ya aiki. Wai barci kuke yi ne?"

Har ta harzuƙa, sai ta ga kwanan watan da ke jikin saƙon. Kalmominta ne, waɗanda ta tura masa shekara uku baya, ko ɗigo bai canza ba.

A ƙasa ya ƙara: "Ajiyarki ce, ƙanwata. Barka da zuwa."