Buhun da Zaki ke Kallo

"A yanke gefen hagu daga ƙasa," in ji Malam, yana nuna allon majigi da sandarsa.

A ƙungiyar masu ɗaukar hoto maganar Malam yankan wuƙa ce. Shi ya koya musu cewa idon dabba shi ne ran hoto, kuma ba a datse wa damisa wutsiya. Shi ne kuma, a tafiyarsu ta bara zuwa gandun namun daji, da zaki ya taso wa buɗaɗɗiyar motarsu, shi Malam ya tsaya cak bai ko ƙifta ba. Da bakinsa ya ba da labarin, kuma kullum zakin ƙara girma yake yi.

Hoton da ke allon na ƙanwar matarsa ne, Auta, wadda ta zauna a bayansa ranar. Shi aka zaɓa a wanke da girma don baje kolin ƙungiya. Zaki ne ya ɗago ƙafa ɗaya, geza a tashe, ya ƙura wa wani abu ido a gefen hagu. Abin kuwa wani ƙunshi ne mai ruwan toka, dishi-dishi, an cusa rabinsa ƙarƙashin kujerar mota.

"Buhu ne," in ji Malam. "Yana janye ido daga kan dabba."

"To ai shi zakin yake kallo, Yaya," in ji Auta. "In an cire, me za a ce yana kallo?"

Malam ya kawo batun haske. Ya kawo batun daidaito. Ya ce har ma hoton ya karkace, wanda ba gaskiya ba ne, shi ma ya sani. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, ga fanka tana juyawa a kansa. Mutumin da bai taɓa roƙon ɗalibi ba sai ga shi yana cewa don Allah, a yanke ko da rabin buhun ne.

Aka kaɗa ƙuri'a. Karon farko a tarihin ƙungiyar, Malam ya sha ƙasa.

Ranar baje koli ya yi duk dabarar da zai yi matarsa ta zauna a gida, har ciwon ƙafa ya ƙirƙiro mata. Ta ce ƙafarta lafiya lau, hoton ƙanwarta kuwa sai ta gani.

Ɗalibai sun cika gaban hoton, suna jiran Malam ya sake ba su labarin tsayuwarsa. Matar ta kutsa, ta gyara tabarau, ta wuce zakin ko kallo bai ishe ta ba. Ta sunkuya kan buhun, ta daɗe tana dubawa.

"Ikon Allah," ta ce. "Malam, wannan ba facin da na yi wa wandonka na tafiya ba ne?"