Garin da Ke Bayan Gwangwanin Shayi

Dakta ya tsinci ƙullin ne a bayan gwangwanin shayi, cikin kabad ɗin da matarsa ba ta taɓa bari a buɗe ba sai ranar. Farin gari ne a leda, an ɗaure bakinsa tamau.

Dakta ba likita ba ne, digirinsa na kimiyyar sinadarai ne, likitoci kuwa a wurinsa masu tallan ƙwaya ne da farar riga. Da 'yarsa, wadda ita ce likitan gaske a gidan, ta ce masa yana da hawan jini, cewa ya yi shi ya biya mata kuɗin makaranta, kuma ƙwaya ba za ta bi maƙogwaronsa ba. Sai ga shi ciwon kan da yake fama da shi ya tafi, jirin ya daina. Ba wanda bai ji labarin ba a wurin aiki, yadda mutum ya kayar da cuta da ƙarfin zuciya kawai.

Yanzu ga ƙulli. In magani ake zuba masa a shayi, da wane ido zai kalli mutanen da ya cika wa kunne?

Bai tambayi kowa ba, tambaya aikin marasa na'ura ce. A ɗakin gwaji ya auna garin, ya ƙone shi ƙurmus cikin iskar oksijin. Hayaƙin ya bi ta bututu biyu, ɗaya ya shanye ruwan da ke cikinsa, ɗayan ya kama iskar kabon. Ya sake auna bututun, ya ga nauyin da kowanne ya ƙara, ya duƙufa lissafi.

Abokin aikinsa ya leƙo. "Dakta, yau kuma wa ake tuhuma?"

"Kimiyya ake yi, ba gulma ba."

Kabon kashi arba'in da biyu cikin ɗari. Haidurojin shida da 'yan kai. Ragowar oksijin. Ya maimaita, haka dai. Sukari ne, irin na kanti.

Ya koma gida yana taku ɗaiɗai, ya tarar an jera abinci.

"Na ga ƙullinki," ya ce yana wanke hannu. "A gidan masanin sinadarai za ki ɓoye abu?"

"Ni na isa, Baban yara? Kai da ko gishiri ya ƙaru sai ka gane."

Ya ci, ya nemi ƙarin miya, ya suɗe kwano, yana yi mata bayanin yadda ake ware kabon daga haidurojin. Ta saurara kamar yau ta fara ji.

Da ya shige ɗaki, sai ta kira 'yar a waya, ta rage murya.

"Ya ƙona sukarin, hankalinsa ya kwanta. Ki aiko da ƙwayoyin, na cikin miyar yau su ne na ƙarshe."