Kwalbar Da Na Saka Musu A Jirgi

Ina cikin shanya kaya Wade, mijin 'yata, ya kira ni. "Bev, Narelle ta rasu. Jelifish ya harbe ta."

Ita kaɗai na haifa. Hutu suka tafi a ɗan jirginsu mai tafiya da iska, suna zaga tsibiran Whitsunday a ƙarshen zafi, lokacin da wannan muguwar halittar ruwa mai dafi take cika teku. Ko yaro a nan ya san abin yi: a kwarara ruwan khal, ruwan tsamin nan na girki, a wurin harbin. Ruwan famfo kuwa ƙara dafin yake yi.

A wajen jana'iza na tambaye shi, "Ina khal ɗin da na saka muku?"

"Ya ƙare, Bev. Kin san 'yar taki da zuba shi a kifi."

Da na je kwashe kayanta daga jirgin, sai ga kwalbar inda na ajiye ta, ko murfin ba a taɓa buɗewa ba. Na gaya wa 'yan sanda, suka ce ruɗewa kawai Wade ya yi.

Har yau Wade a jirgin yake zaune, yana yawan nutsewa ya kankare ƙasan jirgin. Ni nake kai masa abinci kullum, maƙwabta suna ta yaba zuciyata.

"Ke uwa ce, Bev," in ji shi.

"Ci ka ƙoshi, ɗana."

Yana ci nakan sauka ciki in duba kwalbar. Har yanzu cike take da ruwan famfon gidana, tun ranar da na zubar da khal ɗin.