Tiya Biyu a Kasuwar Laraba

A wata kasuwar hatsi da ke ci ranar Laraba, an yi wani dattijo mai awon gero da dawa, wanda ya shekara ashirin a rumfa ɗaya. A kasuwar nan ba da kuɗi ake biyan harajin hatsi ba. Duk buhun da ya shigo, mai karɓar haraji zai zura tiya, wato kwanon awo, ya ɗebi cikinta ɗaya, a juye a rumbun hukuma da sunan gyaran kasuwa. Haka aka gada, ba wanda ya taɓa ƙorafi, sai da siyasa ta raba garin gida biyu. Mai karɓar harajin ya tafi wurin maƙeri da tiya biyu. Ɗaya aka bubbuge gindinta ya yi zurfi, ɗaya kuma aka turo gindinta sama. In ka dubi bakinsu sai ka rantse tagwaye ne. Daga ranar, in ya tunkari buhu, ba buhun yake kallo ba, hoton ɗan takarar da ke manne a rumfa yake kallo. 'Yan jam'iyyar da ke mulki a ɗiba da marar zurfi, 'yan adawa a ɗiba da mai zurfi. Dattijon nan ɗan adawa ne, kuma hannun da ya tsufa a awo ba a yi masa wayo da nauyin gero. Shekara huɗu yana jin abin da ake yi masa, yana haɗiyewa.

Ana nan sai zaɓe ya juya, mutanensa suka ci. Sabon ciyaman ya aika aka kirawo shi, ya ba shi aikin karɓar haraji, ya miƙa masa tiyoyin nan biyu a cikin jaka yana murmushi. Ya ce, "Baba, ka fi kowa sanin wadda ta fi ciwo. Yanzu lokacinmu ne."

Laraba ta zo, kasuwa ta cika tun hantsi, har da waɗanda ba saye ya kawo su ba. Na farko a layi kuwa tsohon mai karɓar harajin ne, da buhu uku na gonarsa a kan jaki, kansa a sunkuye. Dattijo ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili. Ya cika tiya mai zurfi da gero, ya juye a marar zurfi. Ta cika ta batse, gero ya yi ta zuba har ya yi tudu a kan tabarma. Dattijo ya dubi taro. Ya ce, "Jama'a, ga abin da ya hana mu gaisawa shekara huɗu." Ya ba maƙeri tiyoyin ya ce a daddake su. Sannan ya ɗauko tasa tsohuwar tiyar, wadda matan garin suka sani tun suna amare, ya ɗaure ta da sarƙa a dirkar ƙofar kasuwa. Da ita ya ɗebi na tsohon mai harajin, ɗaya a kowane buhu, bai ƙara ƙwaya ba. Da ita kuma ya ɗebi na ƙanin ciyaman, wanda ya zo da mota shaƙe yana zaton za a ɗaga masa hannu ya wuce. Bai tsaya nan ba. Duk tashin kasuwa sai ya rubuta da gawayi a bangon rumbu tiya nawa ta shiga, kuma duk wanda ya zo fitar da hatsi, komai girman rigarsa, sai an rubuta sunansa da abin da ya ɗauka, inda kowa zai karanta.

Wannan rubutu shi ya fi ƙona manya, don bakin da ya saba lasa ba ya son a kulle tukunya. Kafin damina ta faɗi suka kai ƙara babban birni cewa tsoho yana cin hatsin hukuma. Aka turo masu bincike da ɗan sanda, ankwa na reto a ɗamararsa. Dattijo ya san in tiya ɗaya ta yi ɓatan dabo, da furfurarsa zai kwana a gidan yari, sunan ɓarawo kuma ya bi jikokinsa. Ya miƙa makulli, ya koma inuwa ya zauna. Aka nemi wanda zai auna, kowa ya noƙe. Sai ga tsohon mai karɓar harajin ya ratso taro yana naɗe hannun riga. Ya durƙusa ya kama awo da tiyar nan mai sarƙa, jama'a na ƙirgawa da baki ɗaya, ɗan wannan jam'iyya kafaɗa da kafaɗa da ɗan waccan. Tun hantsi ake yi har inuwa ta juya. Da aka kai tiya ta ƙarshe, lissafi ya faɗa daidai da na bango. A lungun rumbu kuma aka ga wata ƙwarya a rufe da faifai. Aka buɗe, sai ga gero gauraye da ƙasa: wanda ke zuba ne lokacin awo, tsoho yake sharewa yana tarawa, don a wurinsa shi ma na jama'a ne. Shugaban masu binciken ya daɗe yana kallon ƙwaryar nan. Dattijo ya karɓi makullinsa, ya ɗauki butarsa, ya nufi masallaci, mutane na darewa suna ba shi hanya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.